Ɗaki na Huɗu Kore Ne

Litinin, ƙarfe tara da rabi na safe

Manaja ya tara mu ya ce kada wanda ya rubuta komai a kan ɗaki na huɗu, ko a waya, ko a kwamfutar ofis. Bai ce kada a rubuta a takarda ba. Ga ni nan a bayan littafin da na saya don koyon ɗinki, wanda har yau ko zare ban saya ba.

Kamfaninmu ne ya rubuta manhajar da ke gadin ɗakunan sanyi na wani babban siton magunguna. In ɗaki ya fara ɗumi, allo ya koma ja, wayar mai kula da sito ta yi ƙara. Ɗaki na huɗu ya yi ɗumi kwana da kwanaki. Waya ba ta yi ƙara ba. Allon kore ne, har ranar da wani ya buɗe ƙofar ɗakin ya ji iskar a fuskarsa.

Mu biyu muka rubuta wannan ɓangaren, ni da Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya, teburina na kallon nasa. Shi ya koya min aikin, shi ya kawo ni nan. Manaja ya ce masu sito suna suke so a ba su, ba bayani ba, kuma wanda aka ba da sunansa ya san inda ƙofa take. Bai kalli kowa ba da yake faɗa, amma ofishin namu ba shi da girma.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Auta." Na koma kujerata.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Dogo, mai gwada mana manhaja kafin ta fita, shi ya gano wurin. Ya yafito ni da hannu, bai kira Yaya ba.

Zan rubuta shi yadda zan yi wa Umma bayani, ko zan ji wani abu in na gan shi a takarda.

Yaya ya rubuta wani ɗan yanki da muke kira faktori. Aikinta ɗaya ne: ka ba ta sunan na'urar auna sanyi, ta ƙera maka ɗan gadin da ya san yaren wannan na'urar, ta miƙo maka shi. Ba ta miƙo shi haka nan. Tana sa shi cikin wani mariƙi da muke kira fointa mai wayo, wai don in ka gama da abin, shi zai share bayansa da kansa, ba sai ka tuna ba. Iyakar wayonsa ke nan. In faktori ba ta san sunan na'urar ba, ba ta cewa uffan. Sai ta miƙo maka mariƙin babu kowa a ciki. Kamar a aiko maka da kwano a rufe, ka ɗauka ka ji shi sakayau.

Nawa ɓangaren shi ke karɓar kwanon. Ni kuwa, 'yar mutunci, mai tarbiyya, na rubuta: in akwai wani a ciki, sa shi gadi, in babu, wuce na gaba.

Masu sito suka canja na'urar ɗaki na huɗu da wata sabuwa ta wani kamfani daban. Faktori ba ta san ta ba, ta miƙo fanko. Ɓangarena ya duba, ya ga fanko, ya wuce. Ɗakin ya zauna babu mai gadi. Shi kuma allo dokarsa ita ce, duk ɗakin da ba a kawo ƙararsa ba, kore ne.

Dogo ya ce, "Kin san abin haushin? Da ba ki duba ba, da manhajar ta faɗi warwas tun ranar da aka sa na'urar. Da an kira mu an zage mu tas, mun gyara kafin cin abincin rana." Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye tasa. "Ba wai laifinki nake nufi ba fa."

Na ce na sani.

Na sake karanta abin da na rubuta yanzu. Ban ji komai ba. Rubutuna dai ya yi kyau.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na ci abinci. Na cinye tas.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Umma ta tare ni a ƙofar ɗakin girki, ludayi a hannu. "Auta, me ya sami yayanki? Na kira shi, muryarsa kamar daga cikin rijiya."

Na ce aiki ne.

"Aiki dai aiki. Ku da kuke zaune a kujera mai juyawa kuna danne-danne, har kuna da abin gajiya? Ki ce masa ya zo in gan shi, ko ya manta hanyar gidan ne?"

Na ce zan faɗa masa. Na yanka mata albasa. Ko albasar ba ta sa ni hawaye ba, har Umma ta ce idona ya fi ƙarfin albasar bana.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Lauyan kamfani ya zo da jaka mai sheƙi. Aka zaunar da mu huɗu a ɗakin taro: shi, Manaja, Yaya, ni. Ya ce shi bai san komai a kan kwamfuta ba, a yi masa magana kamar yaro. Wannan ƙarya ce, tambayarsa ta farko ma ta nuna.

"A ƙa'idar sana'arku, wa ke da alhaki? Wanda ya miƙo fanko, ko wanda ya karɓa ya yi shiru?"

Ni yake kallo. Na ce masana sun kasu. Wasu sun ce fanko ma amsa ce, ya rage wa mai karɓa ya duba. Wasu sun ce faktorin da ta kasa aikinta ta tsaya cak ta yi ihu, ta faɗi dalili, don kada kowa ya iya wuce ta.

"Ke wanne kike bi?"

Na ce, "Wanda aka ce in bi."

Ya rubuta. Bai tambayi wa ya ce ba.

Kowa a ofishin nan ya san wa ya ce. Faktorin Yaya ta farko mai ihu ce. Wata rana, ina sabuwar zuwa, ana nuna wa masu saye manhajar, ta ci karo da na'urar da ba ta sani ba, ta tsaya, allo ya cika da jan rubutu. Baƙin suka kalli juna. Manaja ya sha kunya har wuya. Da suka tafi ya kafa doka da bakinsa: allo ba ya faɗuwa gaban mai saye. Yaya ya cire ihun a yammacin nan yana gunaguni. Ni kuma na koyi darasi, na zama gwanar wucewa ba hayaniya.

Yau Manaja na zaune yana juya shayinsa da cokali. Yaya bai ta da zancen ba. Ni ma ban ta da ba.

Can Yaya ya ce, "Magungunan, an fitar da su kafin a gane?"

Lauya ya kalli Manaja. Manaja ya ce, "An aika a dawo da su."

"Duka suka dawo?"

"Wannan ba huruminmu ba ne."

A kan teburin akwai tabon gindin kofi, zagaye, ɗan gefe bai haɗe ba. Shi na yi ta kallo har aka tashi.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na wanke kayana duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Yaya bai zo gida ba. Umma ta ajiye masa abinci, ya huce, ta ba ni. Na ci.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Yaya bai shigo ba sai bayan sha biyu. Takalminsa duk ƙasa. Dogo ya raɗa min cewa sito ya je, suka hana shi shiga, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar direbobi inda suka kai kaya.

Ya zauna. Bai kunna kwamfuta ba. Fuskarsa nake gani a kan baƙin allon, ta gefe. Gemunsa ya fara fitowa, shi da ko ranar hutu sai ya aske.

Na ce Umma na nemansa. Ya ce to. Na ce lafiya dai ko? Ya ce lafiya lau.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Manaja ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, har da miƙo min ruwa.

"Ke yarinya ce mai gaba a aikin nan. Ba na son ki ɗauki kayan da ba naki ba. Faktori shi ya rubuta. Ke abin da za ki ce kawai shi ne kin yi abin da ƙa'ida ta ce. An miƙo miki, kin duba. Ƙarya na yi?"

Na ce bai yi ƙarya ba.

"To shi ke nan. Ba cewa na yi ki ɗora wa ɗan'uwanki ba, Allah ya kiyaye. Gaskiya kawai za ki faɗa."

Ya kamata in ji haushi. Da can a kan ƙaramin abu ma, a taɓa min kofi, sai kowa ya ji muryata. Na laluba cikina, ban samu komai ba. Na sha ruwan, na yi godiya, na fito. Laifi tudu ne, in ji Umma, ka taka naka ka hango na wani. Manaja har kujera ya kai saman nasa.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Matar da ke kula da siton ta zo. Sun kore ta tun makon jiya. Babbar mace ce, za ta girmi Yaya, da jaka a hammata. Mai gadin ƙofa ya so ya hana ta, ta ce ba faɗa ta zo ba, so take ta ga mutanen da suka yi allon.

Ni ta fara samu. Na miƙe na gaishe ta.

Ta ce, "Ke ce? Ashe yarinya ce ma." Ta kalli kwamfutata. "Kullum da safe, kafin in ajiye jakata, allonku nake fara dubawa. In na ga kore sai in ce alhamdu lillahi. Da can da ƙafa nake bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ina taɓa ƙofa. Da kuka zo aka ce in huta, zamani ya zo."

Na ce Allah ya ba da haƙuri. Haka na ce mata, kamar wadda na taka wa ƙafa a cikin mota.

Ta ce, "Ina wanda ya zo yana tambayar direbobi?"

Yaya ya miƙe. Suka fita kan matakala. Ta gilashi nake hango su. Ita ke magana, a hankali, ba ta ko ɗaga hannu. Shi ya riƙe ƙarfen matakalar da hannu ɗaya, can ya ƙara da ɗayan. Da ta tafi ya daɗe a wurin.

Ban fita ba. Ina da saƙo da nake amsawa, wani mai saye na son a ƙara girman rubutun allo.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

An ba su suna.

Yaya ne ya shiga wurin Manaja da kansa tun da safe. Bai daɗe ba. Da ya fito ya samo kwali a wurin mai shara, ya sa kofinsa, cajarsa, da ɗan matashin da yake jingina bayansa da shi. Duk shekarun nan ashe kayansa ba su cika rabin kwali ba.

Na bi shi har bakin titi. Na ce, "Yaya, ai ni ma..."

"Ke kin duba. Shi ke nan."

"Amma ai kowa ya san Manaja ne ya..."

"Hannuna ne ya cire, Auta, ba nasa ba. Koma ciki, rana na dukanki." Ya gyara kwalin. "Kada ki faɗa wa Umma, ni zan faɗa mata. Kuma kwamfutar gwaji tana kashe kanta in an bar ta a rufe, ki riƙa ɗaga murfin."

Na ce to. Na koma ciki, na ɗaga murfin.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

An ce in koma teburinsa. Kujerar ta yi min tsawo, ƙafata ba ta kai ƙasa. Ban sauke ta ba.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na kira Anti, matarsa. Ta ce lafiya lau yake, yana hutawa. Na ce to, a gaishe shi.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na shiga wurin Manaja ba tare da an kira ni ba. Na ce ina son a san cewa ɓangarena ne ya ga fanko ya yi shiru, kuma da na rubuta ko layi ɗaya na gargaɗi da ba a kai nan ba.

Ya cire tabarau ya goge. "An ba su suna, sun karɓa, an rufe. Kina son in ba su biyu? Ba gwanjo muke yi ba. Yayanki ya yi miki sutura, kada ki yaga ta. In kina son ki yi wani abu, je ki gyara faktorin."

Na fito. Ko muryata ba ta yi rawa ba. Ina ganin da ta yi rawa da ya ɗan saurare ni.

Talata, ƙarfe uku na yamma

Ina cikin faktorin Yaya tun safe. Aikinsa tsaf-tsaf, kamar yadda yake jera takalmansa tun muna yara, ya hana kowa taɓawa. A wurare uku take miƙo fanko. Na farko, in ba ta san na'urar ba. Na biyu, in ta san ta amma na'urar ta ƙi amsawa. Na uku, in ɗakin a rufe yake da gangan, ba a amfani da shi. Na ukun ne kaɗai ba matsala ba. Amma in ka karɓa, duka ukun kamarsu ɗaya, ba ka da hanyar sanin wanne aka ba ka.

Dogo ya leƙo ya ce, "Wannan fointa da ake ce wa mai wayo, wayon ɗan aike gare shi. Ya dawo hannu biyu ba komai, ka tambaye shi me ya faru, ya ce ai ya wanke kwanon."

Na ji abin dariya ne. Na ce masa abin dariya ne.

Na mayar da ihun. Yanzu in ba ta san na'ura ba, ko na'ura ta ƙi amsawa, sai ta tsaya ta faɗi ɗakin da dalilin. Ɗakin da ke rufe da gangan kuma ta miƙo ɗan gadin da aikinsa kawai ya ce a rufe yake. Ba ta ƙara miƙo fanko. Na goge layina na wucewa, tunda ba abin da zai wuce.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Manaja ya gani. Ya ce jan ya yi yawa, masu saye za su tsorata. A mayar da shi ɗan ɗigo mai ruwan toka a kusurwar allo, wanda ya lura ya lura.

Na ce to.

Na kira Anti. Lafiya lau, yana hutawa. A gaishe shi.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Umma ta ji. Ba daga bakin Yaya ba, Anti ce ta kasa riƙewa. Na dawo na same ta zaune a falo, talabijin a kashe, ba ta ɗora komai a wuta ba.

"Zauna. Laifin wa?"

Na fara yi mata bayanin kwano da murfi. Ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ki karatu ba. Laifin wa?"

Na ce, "Namu ne mu biyu. Da wanda ya sa mu."

"To me ya sa shi kaɗai ke zaune a gida?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Shi ke nan. Namiji ne, babba ne, ya san abin da yake yi. A bar shi ya huta, kada a dame shi da tambaya."

Na dafa mana shayi. Ita ba ta sha ba.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Ban yi ɗigon mai ruwan toka ba. Na ba Dogo mai ihun ya gwada. Ya cire sunan wata na'ura da gangan, allon gwaji ya koma ja daga sama har ƙasa: ɗaki na huɗu, babu mai gadi, ba a san na'urar ba.

Ya ce, "Manaja zai ci mu ɗanye."

Na ce ya tura wa masu saye. Ya kalle ni, ya tura. Manaja ya zo ya tsaya a kaina yana faɗa, ina kallon bakinsa yana motsi. Ya ce in mayar, na ce ya sa wani ya mayar. Ba wanda ya ɗago kai. Ya koma ofishinsa ya buga ƙofa.

Na zaci zan ji daɗi. Ihu bayan hari ne, na sani.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Anti ce ta kira ni da kanta. Ina jin ƙarar motoci, daga waje take magana don kada ya ji.

"Auta, ni fa tsoro nake ji. Ba ya ci. Yadda na kai tire haka nake ɗauko shi. Ba ya fitowa ko falo. Yara su shiga, ya shafa kansu ya ce su je su yi wasa. Jiya na ga ya sa takalmi, na ce alhamdu lillahi zai fita, can na leƙa na ga ya cire. In na tambaya ya ce lafiya lau. Ni kuma ba na son in takura masa."

Na ce, "A bar shi ya huta, Anti. Zai warware."

Ta ce to, ta kashe.

Ina riƙe da wayar har allonta ya mutu. Ni na faɗi wannan maganar, da bakina, yau ɗin nan da na tura mai ihu. Yayana ne. Shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta in ruwa ya cika hanya. Ya ce lafiya lau, dukanmu mun ga babu kowa a cikin maganar, kuma kowa ya gaishe shi ya wuce.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na je da safe. Anti ta buɗe min, ta fara cewa yana hu..., na ce na sani, na wuce ta.

Labule a sauke. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Takalminsa na gefensa, a jere.

"A'a, Auta. Ya aiki? Ya Umma?"

Na ce na mayar da ihun.

"Manaja ya yarda?"

"Bai yarda ba. Na tura."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Kin kyauta. Ki gaida Umma, ki ce ina nan tafe."

Sallama ce, na gane. Na miƙe. Har na kama hannun ƙofa. Sai na sake shi, na dawo na zauna a ƙasa, gabansa, na naɗe ƙafa.

"Yaya, me matar sito ta faɗa maka?"

"Ba komai."

"Ba zan tashi ba."

"Auta, je ki gida."

"Wallahi ba zan tashi ba. Ko ka kira Umma."

Muka zauna. Ina jin yaran suna faɗa a kan wani abu a tsakar gida, ina jin famfo yana ɗiga. Ban san tsawon lokacin ba.

Sai ya fashe. Rabon da Yaya ya ɗaga min murya tun ina 'yar firamare.

"Me kike so da ni? Na ɗauke miki, bai isa ba? Na san abin banza ne tun ranar da na cire ihun! Na sani, na cire, don kada a ce ina da taurin kai! Ke kuma kika zo da ladabinki kika wuce! Ko layi ɗaya, Auta! Ko ki rubuta babu kowa a nan! Ni na koya miki duba, ban koya miki ki buɗe baki ba?"

Anti ta shigo da gudu, na girgiza mata kai, ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe bakinta. Ya yi ta yi. Ya zagi Manaja, ya zagi kansa, ya dawo kaina. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ban kare kaina ba. Ya yi har muryarsa ta dushe.

Sannan ya faɗa min abin da matar ta ce. A hankali, yana kallon ƙasa. Kwalin maganin da bai dawo ba, inda aka kai shi, da wanda aka yi wa amfani da shi.

Ba zan rubuta ba.

Na yi kuka. Ban san daga ina ya taho ba, ya zo min kamar amai, na kasa tsayar da shi. Yaya ya miƙo min gefen zanin gado, don ba wani abu kusa. Shi ma yana yi. Anti ta kawo ruwa, ya karɓa ya shanye, ya ce ta ƙaro.

Ya ce matar ta yi masa kwatancen gidan wanda aka yi wa amfani da maganin. Ya ce kullum sai ya sa takalmi, in ya tuna zai tsaya a ƙofar mutane ya faɗi ko shi wane ne, sai ya cire.

Na ce, "Ba kai kaɗai za ka faɗa ba."

Ya juya ya kalli takalminsa. Amma bai ce in tafi gida ba.

Rubutun nan duk ya karkace. Ina jin tsoro, ina jin kunya, kuma kaina kamar zai tsage.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Yaya ya kira da kansa. Muryar a dushe, amma tasa ce.

Ya ce yana bakin titi, ya sa takalmi, in yi sauri kafin ya canja ra'ayi. Ya ce kada in yi kwalliya.

Ban tambaye shi dalili ba. Na sani, ba gidan biki za mu ba.